Ba Mu Ci Irin Ba

Bana ruwa ya yi mana irin wasan da ya yi a waccan shekarar. Ya zubo sau ɗaya ranar wata Talata, ƙasa ta yi ƙamshi, daga nan ya ɗauke ƙafa. Kwana goma sha tara sama fes, kamar an bi ta da tsintsiya. Ɗana Habu ya ɗauko sungumi tun washegarin ruwan farko, na ce masa ajiye. Na zagaya bayan gida na cusa hannu a ƙasa, laima ba ta wuce tafin hannuna ba. Na ce, "Wanda ya shuka a wannan, tururuwa ya yi wa sadaka." Ya yi ta ƙunƙuni, wai waya ta ce za a yi ruwa jibi. Na ce to waya ta zo ta shuka nata.

Ni ba marubuciya ba ce. Sai da haƙorana suka fara zubewa sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Ɗanzomo. Rubutuna kamar kaza ta bi ta kan toka. Amma ina karatu, da yatsa, a hankali, kuma abin da na karanta ba ya fita daga kaina. Abin da ya zaunar da ni nake wannan rubutu, jikata ce.

Walida muke ce mata, 'yar Habu ce, tana aji biyar a sakandare. Sunan surukata aka sa mata, uwar mijina, wadda muke kira Inna, shi ya sa ba na iya kama sunanta na gaskiya. A cikin kwanakin nan na ɗaukewar ruwa ta shigo mini ɗaki da azahar, ko hijabi ba ta cire ba.

"Iya, albishirinki."

"Goro, in labarin ya kai."

Ta ce malaminsu na Hausa ya ba su aiki, kowa ya je ya tambayi tsoho ko tsohuwar gidansu labarin shekarar yunwa, ya rubuto. Nata ne ya zo na ɗaya. Ranar rabon kyauta, nan da mako biyu, za ta karanta shi a gaban taro, ni kuma za a ba ni kujerar gaba, don a ga tsohuwar da ta ba da labarin.

Na ce, "Madalla. Yaushe kika tambaye ni?"

Ta sunkuyar da kai tana kallon babban yatsan ƙafarta.

"Da ke nake. Ko a mafarki muka yi hirar?"

"Iya, ai ke ba a tambayarki. Rannan da na ce ki ba ni labarin da, cewa kika yi in tashi in ba ki wuri."

Wannan gaskiya ta faɗa, ba zan ci amanarta ba. Shekara arba'in da wani abu ban taɓa buɗe baki na yi wa kowa zancen shekarar nan ba, har shi Habu. Na ce to wa ya ba ki labarin? Ta ce abin nan na cikin waya, wanda yara ke ce wa Eyai. Ka rubuta masa abin da kake so, kafin ka haɗiye yawu ya zubo maka shafi biyu. Ta ce duk ajin haka suke yi, ita dai nata ne ya fi daɗin karatu.

Na ce miƙo takardar. Na sa tabarau, na fito inuwar darbejiya. Daga azahar har la'asar ina bi da yatsa.

Hausa kam ta iya, sumul kamar an shafa mata mai. Wai "kakata ta share hawaye ta ce". Ni? Hawaye a gaban jika? Na wuce wannan. Sai ga wani wuri: "Mukan tsinko anza a daji mu dafa mu ci a ranar." Na yi tsaki, don anza 'ya'yan itace ce mai ɗacin da ba a cin ta haka. Na ci gaba. Can ƙasa yatsana ya tsaya, ya ƙi gaba.

"Da yunwa ta yi tsanani, sai muka cinye irin shukarmu, muka zauna muna jiran motar agaji."

Na karanta sau uku, ko ni ce na haɗa baƙaƙen ba daidai ba. Haka yake. A ƙasan shafin kuma ga sunana, ga na yarinyar, wato sunan Inna, a ƙarƙashin wannan magana.

Da Habu ya dawo daga masallaci na ce masa wannan takarda ba za a karanta ta da sunana ba. Ya ce, "Haba Iya, aikin makaranta ne fa. Wa zai bi diddigi? Kina so ki kunyata yarinya a gaban ƙawayenta saboda layi ɗaya?"

Na ce, "Geron da ka ɗauko sungumi za ka shuka rannan, daga ina ya fito?"

"Geron gidanmu ne."

"Takardar 'yarka ta ce mun cinye shi tun kafin a haife ka. To me kake shukawa, yashi?"

Na ba shi saƙo: ranar Alhamis in ya je kasuwar Maigatari ya nemi matan Damagaram masu zama a bakin layin hatsi, ya sayo mini anza ɗanya, tiya ɗaya, wadda ba a jiƙa ba. Ya kawo. Na fito da tukunya na kira Walida. Na ce mata kwana bakwai za mu yi, kullum da safe kafin ta tafi makaranta ita za ta canja ruwa, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta sa a harshe. In ta dawo kuma ta zo da biro, zan ba ta abin da ta ce ba na bayarwa.

Ranar farko da ta sa ta a harshe, sai da ta ruga bayan ɗaki tana kakari. Ta dawo idanu jajir ta ce, "Iya, wannan ai guba ce." Na ce, "Kakarki ta waya a ranar take cinye kwano guda."

Ga abin da na gaya mata.

Yunwa ba rana ɗaya take shigowa ba. Daminar da ta gabata ce ta fara cin amanarmu. Gero ya yi ciki, yana shirin fitar da kai, ruwa ya tsaya cak. Muka zuba ido kara ya bushe a tsaye. Gonar da ke ba mu dami sittin, da ƙyar muka ɗaure tara, su ma rabi ƙaiƙayi ne. Tun a gonar, kafin a ɗaure ko dami ɗaya, Inna ta bi kowace kunyar gona tana zaɓen zangarniyar da ta yi ƙwari. Ta sussuke su ita kaɗai, ta gauraya da toka, ta ɗura a tulu, ta liƙe bakin da yumɓu da kashin shanu. Ta haƙa rami a ƙarƙashin gadonta na kara ta binne. Ta ce, "Wannan ba abinci ba ne. Wanda ya taɓa, ban yafe ba." Lokacin babu wanda ya damu, akwai sauran tuwo.

Kafin bazara rumbu ya koma ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen suka yi ƙaura. Maza suka watse cin rani. Mijina ya kora jakinmu ya yi kudu, ya bar mu mu uku: ni, da Inna, da 'yata ta fari mai shekara biyu. Daga tuwo sau biyu muka koma sau ɗaya, daga tuwo muka koma kunu, daga kunu muka koma dusa. Dusar da muke ba awaki, ita muke tankaɗewa mu dama. Mutanen arewa suka yi ta gangarowa ta Maigatari da raƙuma da sauran shanun da ba su faɗi ba. Saniya guda a ba ka ita kan 'yan tiyoyin gero, babu mai saye. A hanyar rijiya gawar dabba ce hagu da dama, ungulu sun ƙoshi har ba sa iya tashi.

Zafi kuwa, wanda bai gani ba ya yi shiru. Hantsi na yi yashi zai hana ka taka ƙasa. Mukan ɗaura tsumma a tafin ƙafa. Iska in ta buso kamar an buɗe maka murhu a fuska. Duk daji ya yi fari fat, bishiya ɗaya ce ta rage da ɗanyen ganye, ita ce anza. Akuya ma ba ta son ta.

Da an yi sallar asuba muke fita, mata goma, sha biyu, kowa da ƙwarya a ka. Tun muna samu a bayan gari har ya zama sai mun yi tafiyar da za mu hango bukkokin mutanen Nijar. A tsinko, a shanya, a daka sama-sama a turmi ɓawon ya fita, a sheƙe. Sai a tafasa sau ɗaya a zubar da ruwan. Daga nan aikin yake farawa. Inna ta jera tukwane bakwai a gindin danga. Ta yau a ta farko, ta jiya a ta biyu, haka har ta bakwai. Kullum a tsiyaye ruwan kowace, a zuba sabo, a ɗiga ruwan toka kaɗan. Ta bakwai kaɗai ake ci. In an kwashe ta, a zuba sabuwa, ta koma ta farko. Wasu gidajen kwana biyar suke yi. Inna ta ce a gidanta bakwai ne, ko da yunwa za ta kashe mu a na shida. Akwai wata maƙwabciyarmu da ta kasa haƙuri ta dafa wa 'ya'yanta ta kwana biyu. Kwana uku suna amai da gudawa, da ƙyar aka ceto su.

Ruwan canjin nan shi ne azaba. Rijiyarmu ta yi ƙasa, ka zura guga gaba ashirin da wani abu ya fito rabi laka. Tukwane bakwai, kowace tana son ruwa kullum, kai kuma ko na wanke fuska ba ka da shi. Igiyar guga ta cinye mini tafin hannu, ga tabon nan har yau. Na nuna wa Walida. Ta ce ita da ta ɗauka ƙuna ce.

In anza ta yi bakwai ɗacin ya fita, sai ta zama kamar wake marar daɗi. A sa gishiri in akwai. Mukan haɗa da yaɗiya da ganyen jiga in an samu, da ƙarangiya da muke sharowa mu daka mu fitar da 'yan ƙwayoyin cikinta. Har gidan tururuwa muka tona, mu kwashe tsabar da ta tara wa kanta. Ina tona ina ba ta haƙuri.

Babba yana iya rayuwa a kan anza. Yaro ba ya iyawa. Nono ya ƙafe mini tun tuni. Yarinyar nan in na ba ta sai ta tofar, in ta haɗiye cikinta ya ɗauka. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura. Ta daina kuka ma, sai kallo.

Sai ga ruwan farko. Gari ya ruɗe, duk mai sauran iri ya fita da shi. Na ce wa Inna mu tono tulu. Ta fita ta cusa hannu a ƙasa, yadda na yi bana, ta dawo ta ce a'a. Laima ba ta kai wuyan hannu ba. Ta ce wannan ruwan yaudara ne. Haka kuwa aka yi. Shukar mutane ta tsiro kamar allura, rana ta bi ta ƙone ta ƙurmus. Amma ni a lokacin ba shuka ce a gabana ba.

Rana ta tara da ɗaukewar ruwa na shiga ɗakin Inna da hantsi, na durƙusa. Ban taɓa haɗa ido da ita ba sai ranar. Na ce, "Inna, ludayi ɗaya. In yi mata kunu. Ludayi ɗaya ba zai rage komai ba."

Tana zaune a kan gadon, tulun yana ƙarƙashinta. Ta ce, "In na fasa bakin tulun nan yau, gobe ma za ki zo. Jibi ni da kaina zan ɗiba. Yunwa ba ta san ludayi ɗaya ba."

Na ce, "Jikarki ce fa."

Ta ce, "Na sani."

Ta cire 'yan kunnenta na azurfa, abin da ya rage mata ke nan a duniya, ta ce in tafi Sule Tankarkar in nemo ko garin rogo ne. Na tafi a ƙafa, na dawo da abin da bai cika ƙoƙo ba. Ya yi mana kwana uku. A na biyar yarinyar ta cika, da rana tsaka, a kan cinyata. Tsofaffin da suka rage a gari su suka kai ta.

Kwananta ne ya ƙare, na sani, ba sai wani malami ya gaya mini ba. Amma na yi shekara uku ban yi wa Inna magana ba in ba gaisuwa ba. Ita ma ba ta nema ba. Abin da na lura kawai, daga ranar ta daina cin nata kason anzar sai rabi, ta turo mini sauran ba tare da ta dube ni ba.

Kwana shida bayan rasuwar, hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Aka yi ruwa tun la'asar, aka wayi gari ana yi. Inna ta cusa hannu, ya shige har gwiwar hannu. Ta shiga ɗaki ta ja gado, ta tono tulu, ta fasa yumɓun da dutse. Ƙamshin geron nan da ya bugi hancina sai da jiri ya ɗebe ni.

Babu namiji a gida. Ni na riƙe sungumi ina sara, Inna na bina tana jefa iri tana rufewa da diddige. Da hannunta ya gaji muka yi musanya, ta miƙo mini ƙoƙon irin. Ta ce, "Yi ta salati da ƙarfi, in ji bakinki." Ba don lada ba. Don ta tabbatar ba tauna nake ba. Ita ma da ƙoƙon yake hannunta haka ta yi ta yi, don ba ta yarda da nata bakin ba. Haka muka shuke gonar nan, mata biyu kamar karan dawa, muna salati muna haɗiyar yawu. Da muka gama, sauran da ya rage a tulu ta raba wa gidaje shida da shukarsu ta ƙone, kowa ludayi uku. Ludayin da ta hana ni, shi ta auna musu da shi. Na gani, na kau da kai.

Motar agaji kuwa, an ce ta zo Gumel. Mu dai ba mu ga ko ƙurarta ba, kuma ba mu zauna jiranta ba. Geron nan shi muka ci, shi muka ajiye, shi Habu yake shukawa. A unguwar nan har yau akwai masu ce masa geron Inna, ba su ma san wace Inna ba.

Na ce wa Walida, "To kin ji. In da mun ci irin, da wataƙila kina da gwaggo yau. Ba mu ci ba. Da abin da muka biya ke nan. Sai wani abu da bai taɓa jin yunwa ba ya ce mun ci, ke kuma ki ɗauki sunan matar da ta zauna a kan tulun ki sa a ƙasa."

Ta yi kuka. Ban rarrashe ta ba. Na ce rana ta takwas za ni makarantarku, ko ki faɗa da bakinki ko in faɗa da nawa.

Rana ta takwas na dafa anza kashi biyu, ta kwana bakwai a kwano ɗaya, ɗanya ta ranar a ɗaya. Na ɗaure a ɗankwali, muka hau acaɓa ni da ita. Malamin nasu, Malam Isyaku, mutumin Gagarawa ne, saurayi dogo mai fara'a. Ya taso da sauri ya ba ni kujerarsa.

"Sannu da zuwa, Iya. Ashe ke ce mai labarin nan da ya sa mu hawaye."

"Ni ce aka ce. Malam, ga ɗan abin taɓawa na kawo maka."

Na buɗe kwanon ɗanyar. Ya ce ai da ban wahalar da kaina ba. Ya yi bismilla ya jefa uku a baki. Ban taɓa ganin mutum mai ilimi ya nemi taga da sauri haka ba. Sauran malaman ofis suka yi ta dariya har da mai riƙe ciki. Da ya kurkure baki ya dawo yana share ido, ya ce, "Iya, me na yi miki?"

"Ba ka yi mini komai ba. Takardar da ka ba na ɗaya ce ta ce haka muke ci. Na ce bari in kawo maka ka ji abin da ka sa wa hannu."

Ya dubi Walida. Ta faɗa da bakinta cewa waya ce ta rubuta, ta faɗa duka. Na ji daɗin wannan, ban dai nuna mata ba.

Malam ya ce shi bai hana su taɓa abin ba, don shi kansa yana amfani da shi wajen shirya darasi. Ƙirƙirarriyar basira ake ce masa. Na ce basira ma yanzu ƙirƙirarta ake? Ya ce haka zamani ya zo. Ya ciro wayarsa ya ce bari in ga wani abu. Ya rubuta mata tambaya, yaya ake gyara anza kafin a ci. Ya miƙo mini na bi da yatsa. Ga shi nan ta ce sai an jiƙa kwanaki ana canja ruwa, in ba haka ba tana cutarwa.

Na ce, "Au, ashe ta sani. To don me ta yi mini ƙarya?"

Ya ce, "Iya, ba a tambaye ta gaskiya ba. An ce mata ta rubuta abin da kaka ta faɗa. Ita kuwa ba ta taɓa ganinki ba, kuma ba ta iya cewa ban sani ba sai an matsa mata. Sai ta ƙera wata kakar ta sa mata magana a baki."

"To ranar taro sai ku ba waccan kakar kujerar gaba. Ni ba zan zauna a madadinta ba."

Ya ce laifin har da nasa, daɗin Hausar ne ya ɗauke masa hankali, bai tambayi kowa komai ba. Ya ce to ni me nake so a yi? Na ce ni ba hukuma ba ce, kuma ban ce a jefa waya a rijiya ba. In yarinya ba ta san yadda ake rubuta kalma ba ta tambaye ta, ni ma da na samu mai gyara mini nawa da na gode. Amma abu biyu. Duk abin da waya ta yi a takarda, a rubuta a ƙasa cewa waya ce ta yi. Duk maganar da aka ce wani ya faɗa, a kai masa a karanta masa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Masu yatsan suna nan da ransu a gidajenku, ba su mutu ba tukuna.

Ya ce ya karɓa, kuma duk ajin za su sake aikin. Sannan ya ce wa Walida na ɗaya ya fita daga hannunta. Ta gyaɗa kai. Na tura masa ɗaya kwanon na ce ci wannan, ta kwana bakwai ce. Ya ce, "Iya, ki rantse." Na ci ɗaya a gabansa, sannan ya ci.

A hanya ba ta yi mini magana ba. Kwana biyu ƙawayenta suna zumɓura mata baki, wai kakarta ta ja musu aiki. Wata tsohuwa ma ta aiko mini da cewa jikanta ya hana ta sakat da tambaya. Na ce a gaya mata ta amsa, bakinta ba ciwo yake ba.

Walida ta sake rubutu. Bai kai na waya santsi ba, akwai kankare-kankare, wani wurin ta maimaita magana sau biyu. Ta zo ta karanta mini daga farko har ƙarshe, na gyara mata wuri uku. Da ta kai ƙarshe ta tsaya, tana juya biro.

"Iya, ita yarinyar, yaya sunanta? Na bar wurin babu komai."

'Yar fari ce. Ko tana raye bakina ba zai kama sunanta ba, haka muka taso. Bayan ta tafi kuwa babu wanda ya ƙara ambatarsa a gidan nan. Mijina ya rasu, Inna ta rasu. Duk duniya ni kaɗai na rage da na san shi. Na buɗe baki, ya ƙi fitowa.

Na ce, "Ba ni biron."

Na daɗe a kai, amma na rubuta shi a gurbin da ta bari. Sannan na gangara ƙasan shafin na sa nawa, Hansatu, ba dangwale ba.

Daren jajibirin taron aka yi ruwan da ya kai gwiwar hannu, Habu ya fita da sungumi tun asuba, bai ma samu zuwa ba. Ni na je. Wata yarinya ce 'yar Fulani ta karɓi kyautar, kakanta ya ba ta labarin yadda shanunsa suka ƙare, ga yatsansa a ƙasa da shuɗin tawada. Ta cancanta. Bayan an gama Malam Isyaku ya ce akwai wata takarda da ba ta ci komai ba, amma yana so a ji ta.

Walida ta tashi. Ta fara da cewa takardarta ta farko waya ce ta rubuta, ba ta tambayi kakarta ba. Wuri ya ɗauki gunaguni. Ta jira ya lafa, ta ci gaba. Ta karanta tukwane bakwai, ta karanta tulu, ta karanta ludayi. Sai na ji ta ce, a cikin lasifika, a gaban duk mutanen nan, "Sunanta Zulai."

Matar da ke kusa da ni ta taɓo ni, ta ce, "Iya, sunkuya ki share fuskarki."

Na ce, "Bar ni. Ba yanzu ba, ba ta kai wurin da muka yi shuka ba."